Surukina da Igiyar da Ta Ratsa Gonarsa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Surukina, mahaifin matata, ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, ni kuwa ban samu jana'izarsa ba. Ina cikin rami a wajen Aliero, laka har gwiwa, ina haɗa igiyar intanet da masu aikin titi suka tsinka tun da safe. Saboda tsinkewar babu sabis a yankin, matata ta yi ta kiran wayata ba ta shiga. Daga ƙarshe ta samu ɗan kabu-kabu ta ce ya bi hanyar Aliero, duk inda ya ga mutane sun duƙa a rami da farar mota a gefe, ya tsaya ya tambaye ni. Ya same ni la'asar ta kawo jiki. Kafin in isa ƙauyensu da ke kan hanyar Maiyama an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Baffa, ƙanin marigayin, shi ya tarbe ni. Ya dubi lakar da ta bushe a wandona.

"Ka iso? To, zamna. Mun jira ka gwargwado, amma rana ta yi zahi, ba a barin mamaci."

Na zauna a bakin tabarma. Inna, matar marigayin, ta aiko daga cikin gida a ce mini kada in sa abin a raina, wai da mijin nata yana da bakin magana shi zai ce in ƙare aikin tukuna. Matata kuwa ba ta ce mini uffan ba. Sai a kwana na uku ta iya duban fuskata.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Dillalan albasa na Aliero sun ciko mota guda. Mahauta sun zo daga Jega, manoma daga Fagada. Wata tsohuwa ta taso daga Sarandosa, ba ta taɓa ganin marigayin ba. Ɗanta yana aiki can kudu, duk Juma'a sukan ga juna a waya. Ta ce wa matan gidan, "An ce man shi ad dattijon da ka tsaron igiyar da nike ganin ɗana cikinta, shi ya sa naz zo." Wani direba kuma ya tambayi Baffa ko kamfani zai ba iyalin wani abu, tunda maigadinsu ne. Baffa ya ce, "Wane kamfani? Kamfani bai san an halicce shi ba." Gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya zo daga ofishinmu. Saƙo ɗaya na samu daga shugabana a ranar, yana tambayar yaushe zan turo rahoton gyaran Aliero.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ba marubuci ba ne, rahoton aiki kawai na iya, kuma a gajiye nake. Amma in ban rubuta ba, ba na jin wani zai rubuta. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban taɓa faɗarsa ba yana raye. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Mai-igiya.

Ga wanda bai san aikina ba, akwai wata igiya da aka binne a gefen titi, ta taso daga kudu ta biyo Maiyama ta shigo Jega, wani reshe ya nufi Aliero. Faiba ake ce mata. A cikinta akwai zaruruwan gilashi sirara kamar gashi, ta cikinsu kiran waya da saƙonni da duk abin da ake buɗewa a intanet suke bi. In ta tsinke, ni da abokan aikina ake tasa. Ban da wannan ina da ɗan ɗaki a unguwar Jega Magaji, inda na ajiye na'urori biyu masu riƙe da shafukan intanet na wasu makarantu, da wani kantin magani, da ƙungiyar dillalan albasa. Igiya na tsinkewa shafukan sun mutu. Ni ne mai gyara, ni ne kuma wanda ake zagi don ba a gyara da wuri ba.

Haɗuwata ta farko da Baba rigima ce. Lokacin ana haƙa ramin igiyar ne, da damina, gero ya kai gwiwa. A cikin ma'aikatan ni kaɗai ne ɗan yankin. Leburori suka shiga gefen gonarsa da diga babu ko sallama. Washegari muka tarar da dattijo ya shimfiɗa buzu daidai inda ramin zai ci gaba, yana jan carbi. Injiniyanmu baƙo ne, ba ya jin Hausa, ya ce in je in tashe shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a tsanake, ya tambayi gidanmu, ashe ya san kakana a kasuwar Jega. Sannan ya nuna naɗin igiyar da haɓarsa.

"Mi ac cikinta?"

"Magana ce take bi, Baba."

"Maganar wa?"

"Ta kowa da kowa."

"To. Maganar kowa za ta ratsa gonata, ni mai gonar ba wanda yay yi man magana."

Injiniya ya ce in tambaye shi abin da yake so a ba shi. Na ƙi fassara wannan, na dai ba shi haƙuri da sunan mu duka. Baba ya ce ya haƙura, amma akwai magana ɗaya. Ya miƙa hannu wajen wani ɗan gangare. "Kada ku bi da ita nan. Hanyar ruwa ta. In marka taz zo, wurin ga kwari shika zama." Injiniya ya buɗe takardarsa ya ce daga babban ofishi aka zano layin, ba zai kauce ba. Na faɗa wa Baba. Ya naɗe buzunsa ya tafi.

Marka ta zo, ruwa ya tone igiyar ya bar ta a sarari kamar igiyar shanya, wani kututture da ruwan ya ɗauko ya ƙarasa ta. Kwana uku babu sabis. Muka dawo gyara ina jin nauyin haɗa ido da shi. Sai ga shi da fartanya a kafaɗa da ƙwaryar fura. Bai tuna mana abin da ya faɗa ba. Ya sa muka sha, sannan ya riƙa tafiya a gabanmu yana buga ƙasa da ƙotar fartanya, yana nuna inda ƙasa take da tauri. Nan muka sake binne ta. Har yau ruwa bai ƙara taɓa wurin ba.

Daga nan ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya ba shi. Ya dasa ciyawar jema a kan layin, don ta riƙe ƙasa kuma kowa ya gane inda igiyar take. Kullum in gari ya waye, kafin ya shiga gona, sai ya taka daga kwalbatin ƙauyensu har tsamiyar da ke kan iyaka, yana duba ko an tona. Yana da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli, aka sa masa lambata a farko don ba ya karanta boko. In ya kira ni kuwa, sai an gama gaisuwa kaf.

"Mai-igiya, an kwana lahiya? Ya gajiya? Ya mutanen Jega? Ya mai jiki, kawunka da anka ce ba shi da lahiya?"

Ni kuma ina jiyo rurin inji a bayansa. "Lafiya lau, Baba. Wace ƙara ce nake ji?"

"Madalla. To, dama katahila ta, ta kusa igiyarku."

Sau nawa na roƙe shi ya fara da labarin kafin gaisuwa. Ya ce shi ba zai iya ba, ba haka aka rene shi ba.

Wata shekara masu tono suka addabe mu. Sun zaci tagulla ce a ciki irin ta tsofaffin wayoyin tarho, sai su yanke su tafi da ita, su fasa su ga babu komai, su jefar. Su ba su samu ba, mu kuma mu wuni a rami. Wata safiya Baba ya ritsa mutum biyu suna tono a ƙasan gonarsa. Ya san iyayensu. Bai yi kururuwa ba, bai kai su wajen hukuma ba. Ya kira ni, na zo na same su zaune a gabansa kansu a ƙasa. Ya ce in yanko guntun igiya daga ragowar da ke mota, in fere a gabansu. Na fere. Suka ga zaren gilashi, ɗayan ya taɓa ya soke shi a yatsa.

"Kun gani? Ko mai gwangwan ba shi sayen wanga. Ku tashi ku mayar da ƙasar da kunka tone, kuma ku gaya ma 'yan'uwanku."

Guntun nan ya zauna a aljihunsa shekaru. Ranar kasuwar Maiyama yakan fito da shi a rumfar mai shayi, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ya nuna wa duk wanda ya tsaya. Wasu suna yi masa dariya, suna cewa tsoho ya zama injiniya. Amma tono ya ragu a wannan tsakanin, na ga haka da idona. Na taɓa rubuta shi a rahoto, na ce akwai wani manomi da ya kamata a yi wa ko da takardar godiya. Shugabana ya goge layin, ya ce rahoto ba wurin labari ba ne.

A cikin wannan zirga-zirga na san 'yarsa, lokacin tana koyarwa a firamaren garin. Da magana ta yi nisa tsakaninmu, kawuna ya je nema mini. Baba ya tambayi 'yarsa, ta ce ta yarda, ya ce shi ke nan. Abu ɗaya ya ƙara wa kawuna: "Ku gaya mata gaskiya dai, mijin nata rabin ransa cikin rami shike." Bayan aure kunya ta shiga tsakaninmu. Na daina cin abinci a gabansa, shi kuma ya daina yi mini raha. Igiyar ce kawai ta rage mana abin hira.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa ɗakin na'urorina. Ya zo asibiti Jega duba ido, ya ce a kai shi ya ga inda maganar take sauka. Ya cire takalmi a ƙofa, na ce ba sai ya cire ba, ya ƙi. Ya tsaya yana kallon 'yan fitilu suna ƙyaftawa, sanyin ɗakin ya sa ya ja rawaninsa ya rufe kunne.

"Wa ka kwana nan?"

"Babu kowa, Baba. Na'urar ce ba ta son zafi."

"Yanzu nib baro asibiti, mutane na hihita da kwali." Ya girgiza kai.

Na buɗe masa shafin dillalan albasa, na ce mai saye daga kudu yana zaune a shagonsa zai ga wannan hoton ya kira Aliero. Ina jira ya yi mamaki. Ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana dubawa.

"Wagga albasa ba ta sha iska ba. In anka zuba ta buhu haka, ba ta kai kudu."

Na faɗa wa shugaban dillalan, ya yi dariya ya ce tsohon ya yi gaskiya, aka canja hoton.

Yanzu sai in faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Shekarar da aka faɗaɗa titi, igiyar ta riƙa tsinkewa kusan duk mako. Makarantu biyu suka kwashe shafukansu daga wurina suka kai wa manyan kamfanoni na nesa, don lokacin rajistar ɗalibai shafin ya mutu kwana biyu iyaye suna cirko-cirko a ƙofa. Ban ga laifinsu ba. Mai kantin magani ya daina amsa gaisuwata. Na rame, na zama mai saurin fushi, har na fara tunanin barin aikin.

A cikin wannan hali aka kira ni aka ce surukina ya tsaya a gaban katafila. Na iso na same shi tsaye a kan layin jema, bakin injin yana rataye a saman kansa, direban yana ta zage-zage, mutanen gari sun taru. Wani ya ce saura kaɗan a kwashe shi da ƙasar. Tsoro ya kama ni, ya juye ya zama fushi. Na ɗaga murya a gaban jama'a.

"Baba, don Allah ka fita daga nan! Wannan ba aikinka ba ne! Wa ya sa ka?"

Baba ya dube ni, ya ɗauki sandarsa, ya ratsa mutane ya shige gida.

Tun daga ranar har aka yi girbi bai yi mini magana ba. In na je gaishe shi ya amsa a taƙaice ya tashi. Amma bai daina taka layin ba. In ya ga wani abu sai ya miƙa wa Baffa wayar, in ji muryar Baffa yana cewa, "Wai an ce in gaya maka ana gina rijiya kusa da kwalbati." Matata ta ce ita ba za ta shiga ba, ni na ɓata, ni zan gyara. Daga ƙarshe na ɗauki kawuna muka je. Kawu ya yi dogon bayani a kan ƙuruciya da gajiya. Baba ya saurara har ya gama.

"Ni ba tsawar ta dame ni ba," in ji shi. "Tsoro yaj ji, na gani ga idonai. Cewa da yay yi ba aikina ba ne. Abin mutane na kwance cikin gonata, in sa ido a lalata shi? In ba aikina ba ne, na wa ne?"

Na ce na tuba. Ya ce ya wuce. Sannan, a karon farko tun aurena, ya sa aka kawo tuwo ya ce sai na ci a gabansa. Na ci loma uku da ƙyar.

Daminar bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Tafiyar ta ragu daga tsamiya zuwa rabin hanya, daga nan zuwa bakin titi, daga nan ya koma zama a zaure yana fuskantar hanya. Duk wanda ya fito daga wajen gona sai ya tare shi da tambaya ko ya ga an tona. Ganina da shi na ƙarshe, mako guda kafin rasuwarsa, na same shi kwance a kan tabarma. Na faɗa masa an kusa jawo igiya ta biyu ta wata hanyar, yadda in ɗaya ta tsinke ɗayar za ta riƙe. Shekara uku ke nan ana faɗa mana haka, ni ma ban yarda ba, na faɗa ne don ya ji daɗi. Ya buɗe ido.

"Kai ka gaji, Mai-igiya."

"Kaɗan, Baba."

"Ba kaɗan ba. Ka riƙa cin abinci."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gona. Ni suruki ne, ba ni da baki a ciki, an kira ni ne kawai don ina da tef ɗin awo. Gonar kashi biyu ce. Akwai ta fadama mai albasa da shinkafa, akwai kuma ta bakin titi mai tsakuwa, wadda gero ma da ƙyar yake yi. Tun kafin a zauna na ji ƙanin matata, wanda ke zaune a birni, yana cewa in bakin titi ya faɗo masa akwai mai son gina gidan mai, har sun yi magana. Na san abin da gidan mai yake nufi, ramukan tanki masu zurfi daidai kan layin. Na dai riƙe bakin tef ɗina.

Malamin da ke rabon ya fitar da kason kowa. Aka zo kan matata, Baffa ya ce a yanka mata ta fadama, tunda mace ce mai 'ya'ya, ta samu abin da za ta ci moriya. Tana zaune can gefe cikin mata, ta gyara mayafi.

"Baffa, ni a ba ni bakin titi."

"Ke, wurin ba shi hatsi."

"Na sani."

"Tsakuwa ce zalla. Ki yi tunani."

"Na yi. Daga kwalbati zuwa inda rabona yat tsaya, nan nika so."

Ƙaninta ya fara magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. Malam ya tambaye ta sau biyu ko da yardarta, ta ce da yardarta. Aka auna, ni na ja tef ɗin. Rabon nata bai kai tsamiya ba, ya tsaya a wajen rabin layin. Sauran ya faɗa hannun wasu, ban san abin da za su yi da shi ba.

Da yamma na ɗauko ta a babur muka kamo hanyar Jega. Muka yi nisa. Na rage gudu na ce mata na gode.

"Kada ka gode man," ta ce daga bayana. "Ba don kai niy yi ba. Har yanzu ban gama hushi da kai ba."

Na ce na sani. Muka ci gaba da tafiya.

Allah Ka san bawanKa fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi hutun da bai samu a nan ba. Ka ba Inna haƙuri, Ka sanyaya zuciyar 'yarsa. Ni kuma da ban samu ɗaukar makararsa ba, Ka karɓi wannan daga gare ni, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.